Sata ce ko garkuwa? Yadda dokar tarayyar Amurka ke ƙirga laifin tsare mutum

A Hausa muna da suna biyu ga wannan aika-aika, kuma mukan faɗe su kamar abu ɗaya ne: satar mutane, da garkuwa da mutane. In ka tsaya ka auna su, nauyinsu ba ɗaya ba ne. Sata aikin lokaci guda ce, ɓarawo ya zura hannu ya zare, an gama, sai bin sawu. Garkuwa kuwa sai ana riƙe da ita take amsa sunanta, ranar da aka ajiye ta ta tashi daga aiki. Dokar tarayyar Amurka a kan ma'ana ta biyu ta tsaya. A wurinta ɗauke mutum buɗe ƙofar laifin ne kawai, laifin kansa yana nan da ransa muddin wanda aka kama bai kuɓuta ba, ko kwana biyu ne ko shekara goma. Lauyoyinsu suna kiran irinsa laifi mai ci gaba. Magana ce da ke kama da wasan kalmomi, amma a kanta ake yanke inda za a yi shari'a, da lokacin da damar gurfanarwa ke ƙarewa, da kuma wanda za a kira ɓarawo da wanda za a kira mai ɓoye ɓarawo.

Kafin 1932 gwamnatin tarayya ba ta da hannu a irin wannan shari'a, aikin jihohi ne. Masu laifin sun gane haka sarai. A birni kamar St. Louis, wanda kogi ne kawai ya raba shi da jihar Illinois, sai a ɗauke attajiri a haye gada da shi, 'yan sandan Missouri su tsaya a bakin iyaka suna kallo. 'Yan majalisar Missouri sun riga sun kai ƙudurin doka Washington, yana can yana jan ƙafa, sai ga abin da ya girgiza ƙasar. Daren 1 ga Maris 1932 aka ɗauke ɗan shahararren matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh daga ɗakin kwanansa a New Jersey, yaro ɗan wata 20. An biya fansar dala 50,000, aka tsinci gawarsa ranar 12 ga Mayu ba nisa da gidan. A watan Yuni Shugaba Hoover ya sa wa dokar hannu, har yau kuma da sunan Lindbergh ake yi mata laƙabi. Abin mamaki, ba da ita aka hukunta Bruno Hauptmann, mutumin da aka samu da laifin, ba, dokar jihar New Jersey ce ta kai shi kujerar lantarki a 1936.

Dokar tana nan a sashe na 1201 na kundi na 18 na dokokin tarayya, kuma yadda aka gina jimlarta shi ne tushen dukkan maganar. Ta fara da jero hanyoyi bakwai na raba mutum da 'yancinsa, daga cafkewa da kullewa har zuwa yaudara da jan ra'ayi da dabara. Duk waɗannan an haɗa su da «ko», wato kowace ɗaya ta wadatar. Sai ta kawo kalma ɗaya da ta haɗa da «kuma»: ya kuma riƙe shi, don fansa ko lada ko wani dalili daban. Riƙewar ce ba makawa sai an same ta. Riƙewa kuwa ba ta da minti guda da za ka nuna da yatsa ka ce ga shi nan ta faru, domin kowace safiya mai tsaron yana da zaɓin buɗe ƙofa, kowace safiya kuma yana ƙin buɗewa.

Wannan «wani dalili daban» a 1934 aka ƙara shi, kuma Kotun Ƙoli ta ba shi faɗi a shari'ar Gooch ta 1936, inda wasu suka kwashe 'yan sanda biyu daga Texas zuwa Oklahoma don kada a kama su, ba don ko sisi ba. Abin da ke shigo da tarayya cikin zancen da farko shi ne ƙetare iyakar jiha da wanda aka kama. In an yi awa 24 ba a sake shi ba, doka na ɗauka an ƙetare da shi har sai an nuna akasin haka. A da kwana bakwai ne, aka rage a 1956. Daga 2006 ƙofar ta ƙara buɗewa, amfani da waya ko gidan waya ko wata hanyar hulɗa tsakanin jihohi wajen aikata laifin ya isa. Hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin rai-da-rai, in kuwa rai ya salwanta, to kisa ko rai-da-rai. An cire iyaye game da 'ya'yansu ƙanana, su dokarsu daban ce.

Kada a ɗauka kotunan Amurka na saurin yarda cewa laifi mai ci gaba ne. Ƙyamar hakan ma suke yi, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne. Yawancin laifukan tarayya wa'adin shekara biyar gare su, in gwamnati ba ta shigar da tuhuma ba a ciki, ta rasa damarta. Hikimar ita ce shaidu na mutuwa, ƙwaƙwalwa na dushewa, takardu na ɓacewa, bai kamata a kira mutum ya kare kansa a kan abin da ba sauran mai tunawa ba. Duk lokacin da aka ce laifi na ci gaba, an tsawaita wannan wa'adi ta bayan gida. A 1970 Kotun Ƙoli ta ja layi a shari'ar Toussie, wani saurayi da ya cika 18 a 1959 bai yi rajistar aikin soja ba, gwamnati ba ta tuhume shi ba sai 1967. Gwamnati ta ce ai kullum bai yi rajista ba kullum yana cikin laifi. Kotu ta ce a'a, laifinsa ya kammala tun da kwanakin rajistar suka wuce. Ta ce ba za a kira laifi mai ci gaba ba sai in lafazin dokar ya tilasta haka, ko kuwa yanayin laifin ya nuna ba shakka abin da majalisa ke nufi ke nan. Ta ƙofa ta biyu garkuwa da mutane ta shiga, kamar yadda tserewa daga gidan yari ta shiga a shari'ar Bailey ta 1980. Bambancin a fili yake. Wanda bai yi rajista ba ya yi sakaci sau ɗaya ya zauna. Mai tsare da mutum kuwa sai ya yi ta aiki: ya kulle, ya yi gadi, ya tsoratar, ya canza maɓoya.

Inda aka fi ganin wannan ƙa'ida da idonta shi ne shari'ar Rodriguez-Moreno ta 1999, kuma labarinta ya cancanci a tsaya a kansa. A Houston ta jihar Texas aka ƙulla cinikin hodar iblis, sai mai sayen, wani dila daga New York, ya yi awon gaba da kilo 30 bai biya ba. Mai kayan ya ɗauki hayar wasu mutane, cikinsu da Jacinto Rodriguez-Moreno, su nemo masa ɓarawon, su kuma riƙe dillalin da ya haɗa cinikin har sai an gano shi. Suka sa dillalin a mota suka yi ta tafiya daga Texas har New Jersey, suka sauka a gidansa na can. Bayan 'yan kwanaki suka koma da shi wani gida a New York, daga nan kuma Maryland. A Maryland ne mai gidan da suka sauka ya fito da bindiga ƙirar hannu, Rodriguez-Moreno ya karɓe ta. Da ya ga neman ba ya kai su ko'ina, sai ya ɗora wa dillalin bakinta a ƙeya, amma bai harba ba. Daga baya dillalin ya samu sarari ya fice ta ƙofar baya, ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya faɗa gidan maƙwabta, aka kira 'yan sanda.

A New Jersey aka gurfanar da su. Kan garkuwar ba wata gardama, tunda an riƙe mutumin a can. Gardamar a kan tuhumar bindiga ta tashi, wato amfani da makami a lokacin aikata laifin ta'addi, wanda a lokacin yake ƙara shekara biyar a kan hukunci. An ba Rodriguez-Moreno wata 87 kan garkuwa, aka ɗora wata 60 kan bindiga. Lauyansa ya ce bindigar nan ba ta taɓa shiga New Jersey ba, a Maryland aka gan ta, a Maryland aka ɗaga ta, to me ya kawo kotun New Jersey cikin zancenta? Wannan ba ƙaramar hujja ba ce. Kundin tsarin mulkin Amurka wuri biyu ya faɗa cewa a yi wa mutum shari'a inda ya aikata laifi, a sashe na uku da kuma gyara na shida, domin kwasar mutane zuwa hayin teku a yi musu shari'a na cikin ƙorafin da Amurkawa suka rubuta a kan Sarkin Ingila a 1776. Kotun ɗaukaka ƙara ta yarda da lauyan, ta soke tuhumar.

Kotun Ƙoli ta mayar da ita, alƙalai bakwai a gefe guda, biyu a ɗaya gefen. Mai shari'a Clarence Thomas ne ya rubuta hukuncin, kuma zuciyar maganarsa ita ce garkuwa da mutum in ta fara ba ta ƙarewa sai mutumin ya kuɓuta, don haka ba hankali a yanka ta gunduwa-gunduwa bisa taswira. Ba garkuwa huɗu aka yi ba, ta Texas da ta New Jersey da ta New York da ta Maryland. Guda ɗaya ce doguwa da ta ratsa jihohi huɗu, wanda kuwa ya ɗaga bindiga a kowane gaɓa nata ya ɗaga ta ne a cikin laifin dukkansa. Akwai kuma sashe na 3237 da ya ce laifin da aka fara a wata gunduma aka ƙarasa a wata, ana iya shari'arsa inda ya fara, ko inda ya bi, ko inda ya ƙare.

Mai shari'a Antonin Scalia ya ƙi, John Paul Stevens ya bi shi. Ya ce laifin bindiga yana faruwa ne kawai a wurin da abu biyun suka haɗu, garkuwa da ɗaga makami, kuma Maryland ce kaɗai wurin. Ya ga abin ban takaici ne a hukunta mutum kan amfani da bindiga a jihar da kowa ya yarda bai taɓa riƙe bindiga a cikinta ba. Ni dai ina tare da masu rinjaye a kan garkuwar kanta, don wanda ya zaɓi ya ja mutum jiha-jiha shi ya yawaita wa kansa kotuna, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma tsoron Scalia ba na banza ba ne. Amurka na da gundumomin kotun tarayya 94, kuma ba halinsu ɗaya ba. Da zarar ka ba mai gabatar da ƙara damar zaɓa tsakanin huɗu, zai zaɓi inda masu taya alƙali yanke hukunci suka fi tsauri, ko inda shaidun wanda ake tuhuma za su sha wahalar zuwa. Ga kuma wani juyi da zamani ya kawo: a 2019, a shari'ar Davis, Kotun Ƙoli ta rushe wani ɓangare na ma'anar «laifin ta'addi» a dokar bindigar saboda rashin fayyacewa, daga nan kotunan ɗaukaka ƙara da dama suka ce garkuwa ta tarayya ba ta cikin wannan aji, tunda ana iya yin ta da yaudara ba tare da ƙarfi ba. Wato tuhumar da aka yi ta fafatawa a kanta a 1999, yau da wuya ta tsaya da ƙafarta, amma maganar Thomas kan tsawon garkuwa tana nan daram.

Sai batun agogo. Tunda laifin bai kammala ba sai an saki mutum, wa'adin gurfanarwa ma ba ya fara ƙirguwa sai ranar. A ce an ɗauke mace baliga aka kulle ta shekara bakwai. Da ranar ɗaukar ake ƙirge, da mai tsare da ita ya wanke tun a shekara ta biyar alhali tana ɗaure a ɗakinsa, wato dokar da kanta ta koya masa cewa ya daure ya ƙara riƙe ta. Babu majalisar da za ta yi nufin haka. Game da yara ma majalisa ta rufe zancen gaba ɗaya a 2006, ta ce garkuwa da wanda bai kai 18 ba ba ta da wa'adi. Haka nan in doka ta ƙara tsanani alhali mutum na tsare, mai laifin ba zai ce an yi masa hukunci da dokar da ta zo bayan laifinsa ba, don ya ci gaba da aikatawa bayan zuwanta. Da a ce wa'adin ya riga ya cika ne, da ba mai iya farfaɗo da shi, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Stogner a 2003.

Ɓangaren da mai karatu a ƙasar Hausa zai fi saurin ganewa shi ne na masu shigowa daga baya, don mun san yadda ake maganar masu kai abinci daji da masu karɓo kuɗin fansa. A dokar tarayyar Amurka akwai tazara mai yawa tsakanin wanda ya taimaka aka yi laifi da wanda ya taimaki mai laifi bayan an gama. Na farko hukuncinsa ɗaya da na uban tafiyar. Na biyu rabin hukunci ne iyakarsa, in kuma laifin na rai-da-rai ne ko kisa, ba zai wuce shekara 15 ba. To wanda ba ya nan ranar da aka ɗauke mutum, sai a kwana na goma ya zo ya karɓi gadi, ko ya ba da aron gidansa, ko ya buga waya ya faɗi farashi, a wane aji yake? Tunda ba a gama ba, babu wani «bayan an gama» da zai fake da shi. In ya san abin da ake ciki, ya kuma sa hannu don abin ya tafi, to ya shiga tsakiyar laifi ne. Sanin nan shi ne sharaɗi, mai shagon da aka sayi burodi a wurinsa bai san inda za a kai ba babu ruwansa.

A nan ne gizo ke saƙa: yaushe riƙewa ke ƙarewa? In da sarƙa da kwaɗo, amsar mai sauƙi ce. Amma an ɗauke Elizabeth Smart daga gidansu a Salt Lake City a watan Yuni 2002 tana da shekara 14, aka kai ta har California aka dawo da ita, kuma cikin wata tara ɗin nan an sha ganin ta a titi da lulluɓi tare da masu tsare da ita, ba igiya a hannunta. Barazanar kashe ta da danginta ita ce igiyar. Kotun tarayya ta sami Brian Mitchell, wanda ya ɗauke ta, da laifi a 2010, aka yi masa rai-da-rai a 2011. Tsoro da yaudara suna iya riƙe mutum kamar yadda ƙarfe ke riƙe shi. Sai dai kotu ta daɗe da gargaɗin kada a miƙa kalmar har ta tsinke. A shari'ar Chatwin ta 1946, wani dattijo ɗan shekara 68 mai aƙidar auren mata da yawa ya tafi da yarinya 'yar 15 daga Utah zuwa Meziko, suka zauna a Arizona. Kotun Ƙoli ba ta yaba wa abin da ya yi ba, amma ta soke hukuncin, ta ce ba a nuna an tsare yarinyar ba da son ranta ba, kuma ba kowane mugun aiki ne garkuwa ba. Mutum na iya jin hukuncin nan ya tsaya masa a wuya, ni ma ya tsaya mini, amma abin da kotun ke gudu shi ne dokar da ke ɗauke da hukuncin kisa ta zama taru mai kama kowane kifi.

Ɗaya hanyar ƙarewar ita ce mutuwa, kuma a nan ƙa'idar ci gaba ba ta da abin da za ta ƙara. A watan Mayu 1964 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan mai aƙidar fifikon farar fata suka ɗauki samari biyu baƙaƙe, Henry Dee da Charles Moore, dukkansu 'yan shekara 19, a garin Meadville na Mississippi. Suka yi musu dukan kawo wuƙa a daji, suka cusa su a but ɗin mota, suka bi da su ta Louisiana, suka ɗaura musu ƙarafa masu nauyi suka jefa su kogi da ransu. An kama James Ford Seale, ɗaya daga cikin waɗanda ake zargi, a shekarar, hukumomin jiha suka janye tuhumar a farkon 1965. Sai a 2007, bayan shekara 43, gwamnatin tarayya ta gurfanar da shi kan garkuwa da mutane, aka ba shi rai-da-rai sau uku. Ba wanda zai ce samarin suna tsare har 2007, riƙewar ta ƙare a ruwa tun 1964. Don haka gwamnati ta jingina da wata ƙa'ida daban, cewa laifin da hukuncinsa kisa ne ba shi da wa'adi, kuma a 1964 garkuwa na cikin wannan aji. Lauyoyin Seale suka ce ai Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin kisan da ke dokar a 1968, majalisa kuma ta goge shi a 1972 (daga baya ne aka maido da shi), saboda haka wa'adin shekara biyar ya hau kan shari'ar ya kuma cika tuntuni. A 2008 alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara suka yarda da su, suka soke hukuncin. Da cikakken zaman kotun ya sake duba maganar a 2009, sai aka yi kunnen doki, tara da tara, wanda hakan ya bar hukuncin kotun farko a tsaye. Suka miƙa tambayar ga Kotun Ƙoli, ita kuma ta ƙi amsawa. Seale ya mutu a gidan yarin tarayya a Indiana a 2011.